Kujera ta Ashirin da Takwas

Da la'asar sakaliya Auta ya shiga tashar manyan motoci, goye da jakar da ba tasa ba. Ta Yaya ce, shuɗiya, mai igiya biyu, an ɗinke ta hagun da baƙin zare. A aljihun rigarsa kuma tikitin mutum biyu, zuwa da dawowa, kujera ta ashirin da bakwai da ta ashirin da takwas.

Yaya ne ya saye su da hannunsa. A maɗaba'a yake aiki, kullum farcensa baƙi da tawada, rigarsa na warin kananzir ɗin da suke wanke inji da shi. Wata shekara aka kawo musu aikin kalanda mai hotuna goma sha biyu na wani birni a ƙasar waje, can bakin teku. Guda ɗaya ta fito da tabo, aka ce a jefar. Yaya ya naɗe ta ya kawo gida, ya kafa a bangon ɗakinsu. Shekarar ta wuce, kalandar ba ta sauka ba. Daga kan katifa yake miƙa ƙafa ya nuna da babban yatsa.

"Ka ga gadar nan? A nan zan tsaya a ɗauke ni hoto. Kai kuma ka riƙe mini jaka."

"Ni ne ɗan dakonka?"

"To don me aka haife ka?"

Shekara huɗu yana shirin tafiyar nan. Saura wata biyu, zazzaɓi ya kwantar da shi ranar Talata, ranar Asabar aka kai shi kabari. Auta ne ya shiga ramin ya karɓe shi.

Inna ba ta so tafiyar ba, ba ta kuma hana ba. A bakin ƙofa ta riƙe igiyar jakar, ta daɗe tana shafa baƙin zaren, don ita ta ɗinke shi.

"Je ka gano masa," ta ce. "Amma ka dawo mini. Kai kaɗai ka rage."

Matar da ke duba tikiti ta jujjuya su, ta leƙa bayansa.

"Ina ɗayan? Mota ta cika, ga mutane can suna jira. In ba zai zo ba mu ba wani."

"Yana zuwa," in ji Auta. Bai san sa'ad da maganar ta fito ba.

Ya zauna a ta ashirin da bakwai, ta gefen hanya, ya rungume jakar a cinya. Ta bakin taga ya bar ta, don tun ranar da aka sayi tikitin Yaya ya ce taga tasa ce, wanda bai yarda ba ya tafi a ƙafa. A bayansu wata 'yar kasuwa ce, ƙatuwar mata mai yawan raha, duk motar Gwaggo ake ce mata, da alama ta saba da hanyar. Ta dafa kan kujerarsa.

"Kai ɗan nan, kujera guda a banza, ni ƙafata na kumbura a nan? Ko amarya ka ɓoye a aljihu?"

Mutane suka yi dariya. Auta ya sunkuyar da kai.

Direbobi biyu ne, suna karɓa-karɓa. Babban cikinsu dattijo ne mai farin gemu, Baba suke kiransa, shi ke ƙirga fasinja kafin a tashi da kuma duk inda aka tsaya. Ba ya ƙirgawa da baki. Makulli yake riƙewa, ya riƙa ƙwanƙwasa kan kowace kujera mai mutum. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Da ya zo kan Auta ya ƙwanƙwasa sau ɗaya, hannunsa ya tsaya a sama.

"Wannan fa?"

"Da mai ita."

"Ina yake?"

Auta ya kawar da kai. Baba ya dube shi, ya dubi jakar, ya rage murya.

"Ɗana, in babu kowa ɗora jakarka a kai. Mu a hanyar nan ba ma barin kujerar da aka biya a buɗe. Ko buhu ne a ɗora."

"Na ce da mai ita, Baba."

Ɗora jaka a gurin Yaya? Kamar dai ya ce Yaya kaya ne. Ya ƙara matse ta a ƙirji. Baba ya girgiza kai ya wuce. Da ya kai ƙarshe ya ɗaga murya ya ce da abokin aikinsa, "Arba'in da bakwai. Mu je."

Gari ya ƙare, gonaki suka ƙare, aka shiga daji. Rana na gab da faɗuwa suka tsaya a wani fili, babu gida, babu rumfa, sai wata tsohuwar rijiya da aka rufe da kwano mai tsatsa, da bishiya ɗaya da ta bushe a tsaye. Masu sallah suka yi, masu zagayawa suka zagaya. Gurin shiru. Ko tsuntsu babu. Auta ya lura kowa sauri yake yi, har Gwaggo ta bar surutu.

Suka koma ciki. Baba ya fara. Ƙwas. Ƙwas. Ya zo kan Auta, ƙwas. Sai hannunsa ya wuce da kansa zuwa ta bakin taga.

Ƙwas.

Baba ya tsaya cak, ya kalli makullin kamar ba nasa ba. Ya ƙarasa ƙirgan, ya dawo gaba, ya sake daga farko. Wannan karon bai kalli layinsu ba ko kaɗan.

"Nawa?" in ji ɗaya direban.

Baba ya cusa makullin a aljihu.

"Arba'in da takwas. Ja mu je."

Mota ta hau kwalta. Auta ya juya a hankali. Kujerar babu kowa. Amma katifarta ta lotsa a tsakiya, yadda takan yi in mutum ya zauna. A jikin gilashin wani ɗan hazo ya taru, ya baje, ya sake taruwa, ya baje.

Sannan warin ya iso shi. Tawada da kananzir.

Da wani ne da ya yi ihu. Auta kuwa hawaye ne ya zubo masa, mai ɗumi, na farko tun ranar Asabar ɗin nan. Ya matsa kaɗan don ya ba shi sarari, ya kwantar da kai, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun kafin zazzaɓin.

Da asuba suka isa kan iyaka. Jami'ai suka shigo da kare yana shinshina kaya. Da ya zo layinsu ya toge, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya yi wani siririn kuka. Aka ja shi, ya ƙi. Sai ɗaukarsa aka yi aka wuce da shi.

Da hantsi suka shiga birnin. Da Auta zai sauka, Baba ya riƙe masa hannu.

"Jibi da daddare muke juyawa. Ka zo da wuri, ina son magana da kai."

Auta ya ce to, ya manta tun kafin ya fita daga tashar.

Birnin ya fi kalandar kyau, ya kuma fi ta hayaniya. Ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarensu, da hannu yake magana. A masaukin matafiya, ɗaki mai gadaje masu hawa biyu, matar da ke kan tebur ta dube shi, ta dubi gefensa, ta ɗaga yatsu biyu. Ta miƙo tawul biyu. A shagon shayi na ƙasan benen aka ajiye masa kofi biyu bai tambaya ba. Ya sha nasa. Da ya ɗago, ɗayan ya yi sanyi ƙalau, shayin ya ragu da rabi.

Ya fito da kalandar daga jaka ya fara bin watanni. Janairu, hasumiya mai agogo, ya hau matakala ɗari da wani abu, yana jin taku biyu na amsawa a cikin dutsen. Fabrairu, kasuwa mai rufin gilashi kala-kala. Maris, gidan tarihi mai tsofaffin kwale-kwale. Duk inda ya je sai ya ciro biro ya yi alama, ya ce a hankali, "Ka gani, Yaya? Ashe agogon ma ba ya aiki. Shekara huɗu kana yabon mataccen agogo." Ba a amsa masa. Amma warin tawada yana nan a kafaɗarsa, ya ishe shi.

A kan gadar wani mai hoto ya tare shi. Ya tsayar da shi, ya koma baya, ya leƙa ta na'urarsa, sai ya yi alama da hannu biyu, ku matso kusa da juna. Auta ya matsa. Mutumin ya sake leƙawa. Ya ɗago kai ya kalli gurin da ido, ya sake leƙawa. Fuskarsa ta canza. Ya naɗe kayansa ya bar gadar da sauri, ko waiwaye babu.

A ranar ne babur ya goge shi a gwiwar hannu. Washegari da safe wata motar kaya ta yi masa ham, ya farga yana tafiya a kan kwalta, ba a gefen masu ƙafa ba. Ya koma gefe. Bai yi nisa ba ya sake ganin kansa a bakin titi. Ya ce gajiya ce da baƙunta.

Da yamma ya kira Inna.

"Ka ci abinci?"

"Na ci, Inna."

"Ka ga gadar tasa?"

"Na gani. Har na tsaya inda ya ce."

Ya ji ƙarar cokali a hannunta.

"Auta, wa ke kusa da kai?"

"Me kika ji?"

"Numfashi nake ji. Ba naka ba."

Ya buɗe baki zai ce ba kowa, kalmar ta ƙi fita. Sai wani sanyi ya taɓa kunnensa na dama, aka yi raɗa, muryar Yaya sak, har da 'yar shaƙewar da take yi in ya tashi daga barci.

"Ce mata muna tafe."

Tsigar jikinsa ta tashi. Wata biyu yana roƙon ya sake jin muryar nan ko a mafarki. Ga ta. Ya rasa abin da ya sa gabansa ya faɗi maimakon ya yi murna.

"Ina tafe, Inna," ya ce, ya kashe wayar.

Warin ya ɗan canza daga lokacin. Tawadar tana nan, amma a ƙarƙashinta akwai wani abu, kamar ruwan da ya daɗe a rufe.

Rana ta uku ya gama watanni goma sha ɗaya. Saura Disamba, tsohuwar ganuwar da ta shiga cikin teku, a ƙarshenta hasumiyar fitila mai nuna wa jiragen ruwa hanya. Hoton da faɗuwar rana aka ɗauke shi, shi ne wanda Yaya ya fi so, shi ne kuma mai tabon. Mota sai bayan isha'i. Auta ya haɗa kayansa, ya goya jaka, ya nufi bakin ruwa.

Masu yawon buɗe ido suna ta fitowa shi yana shiga. Mai gadin ƙofar ya nuna masa agogo, ya yi alamar ya yi sauri. Hanyar kan ganuwar siririya ce, mutum biyu da ƙyar. A dama bango ne mai tsayi. A hagu babu komai, ko ƙarfen dafawa, sai iska, can ƙasa baƙaƙen duwatsu da ruwa na dukansu yana farin kumfa.

Ya fara tafiya a jikin bango.

Takun ya biyo shi. Ya iso daidai da shi. Wani abu mai sanyi ya ratsa tsakaninsa da bangon, a hankali, kamar kafaɗa a cikin cunkoso.

Auta ya matsa hagu don ya ba shi guri.

Suka ci gaba. Kafaɗar ta sake taɓa shi. Ya sake matsawa. Ƙarar ruwan ta ƙaru. Ƙarnin teku ya cika masa hanci. Wani ɗan dutse ya kuɓuce daga ƙarƙashin takalminsa, ya daɗe kafin ya ji faɗuwarsa.

A nan ya tsaya.

Tun yana ɗan shekara biyar Yaya ke kai shi makaranta. Bai taɓa barinsa ya bi gefen motoci ba, ko sau ɗaya. Har bayan da Auta ya fi shi tsayi, har watan da ya rasu, in suna tafiya sai ya cafko wuyan rigarsa ya mayar da shi jikin bango, shi ya koma bakin titi. "Koma ciki, Auta. Inna ba ta da wani a ajiye." Ba ya ma sanin yana yi.

Babur ɗin shekaranjiya. Motar kayan jiya. Kwana uku ke nan, kullum shi ne a bakin titi.

Ya kalli ƙasa.

"Matsa kaɗan," aka raɗa. "Daga nan aka ɗauki hoton."

Rana tana bayansu, ta kusa nutsewa. Inuwarsa ta miƙe a gabansa kan dutsen, da tudun jakar a baya. Kusa da ita akwai wata. Ta fi tasa tsawo nesa ba kusa ba. Wuyanta siriri, ya lanƙwaso ta samansa. Hannuwanta sun kai ƙasa.

Ɗaya daga cikinsu yana kan jakar.

"Kai ba Yaya ba ne," in ji Auta. Muryarsa ta fito kamar ta yaro.

Ruwa ya daki duwatsu.

"Kai ka ce da mai ita," aka ce. Har yanzu muryar Yaya ce, amma babu ɗumi a ciki. "Na ji, na zo."

"Me kake so?"

"Gida. Inna na jira."

Jakar ta fara nauyi.

"Kujera biyu ce," aka ce, daf da kunnensa. "Amma ɗaya ma ta ishe ni. Na iya muryarka yanzu."

Sai ya ji tasa muryar, tasa ta kansa, a bayan wuyansa: "Ina tafe, Inna."

Jakar ta ja shi baya, ta hagu.

Dugadugansa suka bar dutse.

Ya ga sama. Ya ga kumfa.

Ya ambaci sunan Allah da duk ƙarfinsa, ya saki kafaɗunsa. Ta dama ta zame. Ta hagu ta riƙe shi. Ya ji baƙin zaren Inna yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, tas, tas, tas.

Igiyar ta ɓalle.

Ya faɗi rub da ciki a kan ganuwar, haɓarsa ta daki dutse. Jakar ta tafi, da kalandar, da rigunan Yaya biyu da ya taho da su. Bai ji faɗuwarta ba.

Ya tashi da rarrafe, ya zura da gudu, kafaɗarsa na gogar bango, jini na bin wuyansa, yana karanto duk abin da ya zo bakinsa. A bayansa taku, ba sauri, ba gudu. Jiƙaƙƙen taku. Caɓ. Caɓ. Caɓ.

Bai san yadda ya kai tasha ba. Fasfo da tikiti suna aljihun rigarsa, su kaɗai suka tsira. Motar na tsaye, injin na aiki. Baba na bakin ƙofa. Ya ga jinin, ya ga babu jaka, bai tambayi komai ba, ya ja shi gefe.

"Na ce ka zo da wuri."

"Baba, yana biye da ni. Gidanmu yake son zuwa."

"Na sani. Ba kai ne farau ba. Shekarun baya wata mata ta biya wa mijinta da ya rasu kujera. Mun kai ta gida lafiya, ita da abin." Ya dubi bayan Auta. "Gidan yanzu a rufe yake."

"To in yaga tikitin."

"Takarda ce kawai. Da bakinka ka ba shi kujerar, ni ba ni da ikon ƙwacewa. Mai rai za ka ba, ya zauna a kai. In na zo ƙirga zan tambaye ka, ka faɗi gaskiya da ƙarfi. Duk abin da za ka ji, kada ka juya."

Can gefe Gwaggo ce zaune a kan ƙullin kayanta, tana fifita da kwali tana faɗa da mai sayar da tikiti, ita da yarenta shi da nasa. Ta makara, mota ta cika, ga 'yarta can gida watan haihuwarta ya kama. Auta ya je ya miƙa mata na ashirin da takwas.

"Gwaggo, ga kujera."

"Kai ne? Amaryar ta gudu ke nan?" Sai ta ga fuskarsa, dariyar ta ɗauke. "Wa ya yi maka haka, ɗan nan?"

"Ki zo kawai, don Allah."

Suka shiga, shi a gaba ita a baya tana haki da kaya. Tun daga nesa ya ga kujerar. Ta lotsa. Ruwa na ɗiga daga gefenta zuwa ƙasa. Ƙarnin teku ya cika layin, mutane na toshe hanci suna dube-dube.

Gwaggo ta zo za ta shige, ta ja baya.

"A'a. Ai kamar da mutum." Ta murza ido. "Ko idona ne?"

Auta ya zauna a tasa, ya kafe ido a kan kujerar gabansa. Daga gaba Baba ya fara. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

"Auta."

Muryar ta dawo da ɗuminta. Ta ranar Juma'ar nan ce, daren ƙarshe, sa'ad da Yaya ya roƙe shi ruwa.

"Auta, a nan za ka bar ni? Ban san kowa a garin nan ba."

Ƙwas. Ƙwas.

"Ban jin yarensu. Sanyi nake ji. Kai ni gun Inna."

Hawaye ya cika masa ido. Wuyansa ya fara juyawa da kansa. Ya damƙe ƙarfen kujera har yatsunsa suka yi fari.

"Sau ɗaya ka bar ni a rami. Za ka sake?"

Ƙwas.

Baba na tsaye a kansa. Gumi na bin farin gemunsa.

"Ɗana, ku nawa ne?"

Wata biyu bai faɗa ba. Ko a gun zaman makoki, in an yi masa gaisuwa, kai kawai yake ɗagawa.

"Ni kaɗai ne."

"Ban ji ba."

"Ni kaɗai ne!" Duk motar ta juyo. "Yayana ya rasu. Ni na sa shi a kabari da hannuna, na ga an rufe. Ba ya nan. Kujerar nan ta Gwaggo ce."

"Allah ya ji ƙansa," in ji wani daga baya. Wasu suka amsa da amin.

"To ai sai ka matsa mini," in ji Gwaggo. Ta yi bismillah da ƙarfi, ta rufe ido, ta saki jikinta gaba ɗaya a kan kujerar.

Fitilun motar suka yi ƙasa. Wata iska mai sanyin ƙanƙara ta goga gwiwoyin Auta, ta bi tsakiyar motar, labule na ɗagawa layi bayan layi. Wani jariri ya tsala ihu. Ƙofar da ke rufe ta jijjiga sau ɗaya.

Fitilu suka dawo.

Baba ya ɗora makulli a kan kujerar Gwaggo. Ƙwas. Ya ƙarasa, ya ɗaga murya.

"Arba'in da takwas, duk da ransu. Ja mu je!"

Motar na fita Auta ya saci kallo ta saman kafaɗar Gwaggo. A ƙarƙashin fitilar tasha akwai wani abu dogo a tsaye, ya rataya shuɗiyar jaka a kafaɗa ɗaya, ruwa na zuba daga jikinta. Ba motarsu yake kallo ba. Ya juya yana kallon layin masu sayen tikiti.

Gwaggo ta ja labule. Zanenta ya jiƙe sharkaf, ba ta ce komai a kai ba. Ta ciro ƙyalle ta goge masa haɓa, ta riƙe hannunsa. Ya yi kuka har kan iyaka, kukan da bai yi ba a maƙabarta, ita kuwa ba ta sake shi ba. A filin nan mai rijiya Baba bai tsaya ba.

Da magariba ya isa gida. Inna ta rungume shi, ta shafa tabon haɓarsa, ta dubi bayansa ba ta ga jaka ba, ba ta tambaya ba. Ta shimfiɗa tabarma ta kawo abinci.

Faranti uku ta ajiye.

Auta ya tsaya yana kallon na ukun, mai ɗan fashewa a baki, na Yaya. Da cokalinsa, da kofinsa cike da ruwa, a gurin da ya saba zama.

"Tun yaushe kike ajiyewa, Inna?"

Ta kawar da kai. "Hannuna ne ya saba. Ban iya barin gurin haka."

Labulen ƙofa ya motsa, ko da yake babu iska. Can ƙasa-ƙasa, kamar daga nesa, Auta ya ji ƙarni-ƙarnin ruwa.

Ya durƙusa ya ɗauke farantin, ya zubar da ruwan kofin, ya kife su a kwando. Ya dawo ya zauna daidai gurin da Yaya ke zama, ya kama hannunta biyu.

"Inna, mu biyu ne. Faɗi da bakinki."

Ta dubi farantin da ke kwando, sannan ta dube shi.

"Mu biyu ne," ta ce.

Labulen ya kwanta.

Tun daga ranar Auta bai sake barin kujera a buɗe kusa da shi ba, a mota ko a gida, ko hularsa ce sai ya ɗora. A bangon ɗakinsu akwai farin guri mai kusurwa huɗu inda kalandar ta zauna, bai rufe shi da komai ba. In kuma zai raka Inna asibiti ko kasuwa, sai ya kama gefen mayafinta ya mayar da ita jikin bango, shi ya koma bakin titi.